Maratayin tawul mai ɗumi: wanne ya cancanci bangon banɗaki?

Maratayin tawul mai ɗumi kaya ne da mutane ke saye saboda buƙatu biyu, kuma masu tallarsa sun saba ambaton buƙatun nan tare kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa kowacce da irin na'urar da ta dace da ita. Buƙata ta farko ita ce busar da tawul bayan wanka, don kada ya kwana da danshi ya wayi gari yana wari. Ta biyu ita ce ɗumama banɗakin kansa a lokacin sanyi. Wanda nake amfani da shi, wanda kuma a kansa na gina wannan sharhi, mai siffar tsani ne da ake kafewa a bango: faɗinsa milimita 500, tsayinsa milimita 1200, jikinsa baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da farin fenti, cikinsa cike da ruwan da ke ɗaukar zafi, sannan an zura masa sandar lantarki mai ƙarfin wat 300 ta ƙasan ɗaya daga cikin ginshiƙansa biyu. Hukuncina a kansa shi ne ya cika aikin busarwa yadda ya kamata, amma a wajen ɗumama ɗaki ɗan taimako kawai yake yi, kuma ina ganin duk wanda ya fahimci dalilin wannan bambanci kafin ya fitar da kuɗinsa ba zai sayi abin da zai dawo yana cizon yatsa a kansa ba.

Iri uku ake samu. Akwai wanda ake haɗawa da bututun ruwan zafi a gidan da ke da tsarin ɗumama ɗakuna daga tukunya guda, kuma shi ba ya ɗumi sai an kunna wannan tsari gaba ɗaya. Akwai mai aiki da lantarki zalla, wanda babu ruwansa da bututun gida. Akwai kuma mai haɗa biyun, wanda ke shan ruwan zafin gida a lokacin sanyi, idan kuma aka kashe tukunya da shigowar zafi sai a kunna masa sandar lantarki. Na zaɓi mai lantarki ne saboda tawul ba ya daina jiƙewa don sanyi ya wuce. Hasali ma, lokacin da ruwan sama ya yawaita iska ta cika da laima, lokacin da babu mai tunanin kunna abin ɗumama gida, shi ne lokacin da tawul ya fi taurin kai wajen bushewa.

Mai lantarkin shi ma kashi biyu ne, kuma wannan rabuwa ce masu saye da yawa ba su sani ba sai kaya ya iso gida. Na farko busasshe ne, wato waya mai zafi aka ratsa ta cikin sandunansa, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Irin wannan ba shi da nauyi, yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci, ba ya yoyo tun da babu abin da zai zuba, kuma ƙarfinsa galibi tsakanin wat 60 zuwa 150 ne. Aibinsa shi ne yana hucewa da zarar an kashe shi, sannan idan wayar cikinsa ta ƙone, yawancinsu ba sa gyaruwa, sai dai a cire a kawo wani. Na biyu shi ne mai ruwa a ciki, irin nawa, wanda ake cikawa tun daga masana'anta da ruwan da aka gauraya da sinadarin hana daskarewa da maganin tsatsa. Nawa yakan ɗauki kusan rabin sa'a kafin zafi ya game jikinsa, kuma sandunan sama ne ke fara ɗumi saboda ruwa mai zafi sama yake tashi, na ƙasa kuwa su ne na ƙarshe, kuma ba sa taɓa kamo na sama a zafi. A madadin wannan jinkiri, yana riƙe ɗuminsa na wani lokaci bayan an kashe shi, kuma sandar lantarkinsa tana kwancewa a sauya ta ba tare da an jefar da sauran ƙarfen ba. Wannan dalili na ƙarshe shi ne ya rinjaye ni, domin ba na son kayan da ƙaramar ɓarna za ta mayar da shi bola gaba ɗaya.

Yanzu ga aikin da na ce ya cika. Busar da tawul ba komai ba ne illa mayar da ruwan da ke cikinsa tururi, kuma makamashin da wannan ke ci sananne ne, ba ya canzawa don sunan kamfani. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na lantarki kafin ya ƙafe, yunit kuwa shi ne wat 1000 na tsawon sa'a guda. Idan muka ƙaddara tawul ya sha gram 200 na ruwa daga jikin mai wanka, to ko da duk zafin na'ura mai wat 100 ya shiga cikinsa bai ɓace ko kaɗan ba, sai ya yi kimanin minti 80 kafin ya bushe. A zahiri kuwa wani kaso na zafin yana tserewa cikin ɗaki, don haka lokacin ya fi haka. Na kawo wannan lissafi ne don mai karatu ya san cewa tallar da ke cewa ƙaramin maratayi zai busar da tawul ɗin iyali duka cikin minti 20 ba ta da tushe. A nawa, tawul biyu masu matsakaicin kauri suna bushewa ƙarau cikin sa'o'i biyu zuwa uku idan an shanya su da kyau. Masu kauri sosai, irin waɗanda nauyin saƙarsu ya kai gram 600 a kowane murabba'in mita ko ya wuce, suna neman ƙarin lokaci, kuma sau da yawa sai an juya su.

Wannan sharaɗi na shanyawa da kyau shi ne ya kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a zaɓen maratayi, wanda kuma ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba, wato tazarar da ke tsakanin sanduna. Masu ƙera irin tsani suna jera sandunan rukuni-rukuni, huɗu ko biyar a matse, sannan su bar babban giɓi kafin rukuni na gaba. Ta wannan giɓi ne kawai ake iya zura tawul, domin sandunan da ke matse ba sa barin ko hannu ya shiga, balle tawul mai kauri. Saboda haka adadin tawul ɗin da maratayi zai ɗauka bai dogara da yawan sandunansa ba, ya dogara ne da yawan giɓinsa. Nawa yana da sanduna masu yawa, abin da ke ƙara masa zafi, amma wuraren rataya uku kacal gare shi idan an haɗa da sandar can sama, kuma idan aka cika ukun, tawul na sama yakan sauko ya rufe na ƙasa, sai su biyun su kwana da danshi a wurin da suka haɗu. A aikace dai na mutum biyu ne. Da gidan mai mutum huɗu ne da ban ba shi wannan yabo ba.

Faɗi ma yana da nasa tasirin. Babban tawul na wanka yakan kai santimita 70 a faɗi, maratayi mai milimita 500 kuwa abin da ya rage tsakanin ginshiƙansa bai kai santimita 45 ba, don haka dole a ninka tawul biyu kafin ya shiga. Da zarar an ninka shi aka kuma rataya shi a kan sanda, ya zama rufi huɗu ke nan, kuma biyun da ke waje ba sa taɓa ƙarfe. Wanda bangonsa ke da fili, na fi ba shi shawarar mai milimita 600 ko sama da haka, ko da zai rage tsayi. Haka nan a duba nisan sandunan daga bango. Idan sun manne da bango sosai, ɓangaren tawul da ke baya zai jingina da tayil mai sanyi, iska ba za ta ratsa ba, kuma zura shi kowace safiya zai zama kokawa. Mai sanduna masu ɗan lanƙwasa zuwa waje ya fi sauƙin rataya saboda wannan dalili, sai dai yana cin fili, kuma a bayan ƙofa yana iya hana ta buɗewa sosai, abin da ya kamata a auna da tef kafin a yi oda.

Akwai wata gaskiya da na fi son a nanata wa mai saye fiye da kowace: ruwan da ya bar tawul bai bar banɗaki ba. Ya koma cikin iska ne, kuma idan babu taga ko fanka mai zuƙe iska zuwa waje, zai sauka a kan bango mafi sanyi da bayan madubi da kusurwar silin, inda fumfuna ke samun wurin zama. Maratayi mai ɗumi a rufaffen banɗaki yana sauya wa danshi mazauni ne kawai. A wurina sakamakon ya fi kyau nesa ba kusa ba idan fanka ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan wanka, ko aka bar ƙofa a ɗan buɗe. Game da wari kuwa, masu bincike sun gano cewa ƙwayar cuta mai suna Moraxella osloensis tana cikin manyan masu haddasa warin nan na tufafin da suka daɗe da danshi. Saurin bushewa yana rage mata damar yaɗuwa, kuma na ga bambancin a hancina, amma zafin maratayi bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta ba, saboda haka bai ɗauke wa kowa wankin tawul a kan kari ba.

Sai batun ɗumama ɗaki, inda lambobi ke rikitar da mutane. Wasu kamfanoni suna rubuta ƙarfin kayansu da wat, wasu da BTU, wanda shi ma ma'aunin zafi ne, kuma wat ɗaya yana daidai da BTU 3.41 a sa'a, don haka wat 300 ɗin nawa ya ɗan haura BTU 1000. Lambar BTU ta fi cika ido, amma zafin ɗaya ne. Ƙiyasin da masu sana'a kan fara da shi shi ne kimanin wat 100 ga kowane murabba'in mita na ɗaki, a ƙara ko a rage gwargwadon kaurin bango da girman taga da tsananin sanyin wurin. Banɗaki mai murabba'in mita 5 ke nan yana neman wajen wat 500, kuma nawa bai kai ba tun kafin a ɗora masa komai. Da zarar an lulluɓe shi da tawul biyu kuma, an sa masa bargo ne, zafin da zai fita zuwa ɗaki ya ragu ƙwarai. Abin da na lura shi ne yana kashe kaifin sanyin safiya, madubi ma ba ya daɗewa da hazo, amma ba ya mayar da banɗaki wuri mai ɗumi a tsakiyar lokacin sanyi. Wanda ke son ya zama shi kaɗai ne abin ɗumama banɗakinsa, to ya nemi wanda ƙarfinsa ya zarce buƙatar ɗakin, kuma ya zama dogo yadda wani ɓangarensa zai kasance a buɗe ko da an rataya tawul.

Ga masu haɗawa da ruwan zafin gida akwai wani tarko na dabam. Ƙa'idar Turai ta EN 442 tana auna zafin irin waɗannan kaya ne a lokacin da ruwa ke shiga da digiri 75 a ma'aunin Salshiyas, yana fita da 65, ɗaki kuma yana kan 20, wato ratar digiri 50 tsakanin matsakaicin zafin ruwa da iskar ɗaki. Wasu 'yan kasuwa suna buga lambar da aka auna da ratar digiri 60, abin da ke kumbura ta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da ƙarfen ya canza ba. Kafin a kwatanta kaya biyu dole a tabbatar da rata ɗaya aka auna su. Gidan kuma da ke ɗumama ruwansa da injin zuƙo zafi daga iskar waje, wanda ruwansa bai cika yin zafi sosai ba, ratar tana iya sauka zuwa digiri 30, kuma a nan maratayi yana ba da kusan rabin abin da aka rubuta masa ne kawai.

Na zaɓi farin fenti a kan mai ƙyallin kurom da gangan, duk da cewa kurom ne ya fi yawa a kasuwa kuma shi ya fi ɗaukar ido. Goggen ƙarfe mai sheƙi ba ya iya watsa zafi ta hanyar haskakawa yadda fenti ke yi, shi ya sa idan aka duba teburin kamfani ɗaya za a ga maratayi mai kurom yana ba da zafin da ya gaza na takwaransa mai fenti da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, alhali girmansu da siffarsu ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan ga wanda ya saye shi don ya ɗumama ɗaki. Adalci dai shi ne a faɗi cewa a wajen busarwa bambancin bai kai haka ba, tun da tawul yana karɓar zafi ne ta hanyar taɓa ƙarfe kai tsaye. Akwai kuma wani abin lura ga mai lantarki: idan aka zura sanda mai ƙarfi ɗaya a cikin mai kurom da mai fenti, mai kurom ɗin zai fi zafi a hannu, saboda sai jikinsa ya ƙara zafi kafin ya iya fitar da abin da ake ba shi. Shi ya sa ba a zaɓar sandar lantarki da ka, sai an bi abin da kamfani ya ƙayyade wa wannan girma da wannan irin rufi.

Abin da ke ƙarƙashin rufin shi ne ke yanke tsawon ran kayan. Baƙin ƙarfe shi ne mafi yawa, kuma yana daɗewa muddin fentinsa bai fashe ba kuma ruwan cikinsa na da maganin tsatsa. Wuraren da ya kamata a duba da ido da yatsa su ne inda aka yi waldar sanduna da ginshiƙai, domin nan ne rufi ke yin siriri kuma nan tsatsa ke fara ɓullowa. A nawa waldar sumul take, fenti ya rufe ta ko'ina, har ta bayan da ba a gani, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka sa na amince da shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi ƙarko, amma shi ma daraja-daraja ne: mai lamba 304 yana ɗauke da kusan kashi 18 na kurom da kashi 8 na nikel, mai lamba 316 an ƙara masa sinadarin molibdinam wanda ke sa ya jure iska mai gishiri a kusa da teku, mai lamba 201 kuwa an rage masa nikel don a sauƙaƙa kuɗinsa, kuma ya fi sauran saurin yin tabo a wuri mai laima. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba 201 da 304, don haka lambar ce abin tambaya, kuma mai sayarwar da ya kasa faɗin ta bai cancanci a yarda da kalmarsa ba. Alminiyam ba shi da nauyi kuma yana saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa. Wanda zai haɗa maratayi da layin ruwan zafin da ake wanka da shi, ba rufaffen layin ɗumama ɗakuna ba, ya guji baƙin ƙarfe gaba ɗaya, saboda sabon ruwa mai iska yana cinye shi daga ciki.

A kan tsaro ba na sassautawa, domin lantarki da jiƙaƙƙen jiki haɗuwarsu ba ta da daɗi. Kowane maratayi mai lantarki yana da lambar IP, wadda ƙa'idar IEC 60529 ta tsara: lamba ta farko tana nuna kariya daga shigar ƙura da ƙananan abubuwa, ta biyu kuma kariya daga ruwa. Lamba 4 a matsayi na biyu tana nufin ya jure fantsamar ruwa ta kowace fuska, 5 tana nufin ya jure feshin ruwa daga tiyo, 7 kuma nutsewa na ɗan lokaci. Nawa IP44 ne, kuma ba zan kafa wanda ya gaza haka a banɗaki ba. Ƙa'idojin wayoyin lantarki sun raba banɗaki shiyya-shiyya: cikin baho ko kwamin shawa, sannan samansa har zuwa tsayin mita 2.25 daga ƙasa, sannan santimita 60 da ke kewaye da shi, kuma kowace shiyya da irin kayan da aka yarda a sa mata. Shawarata ita ce a kafa shi inda mai wanka ba zai iya miƙa hannu ya taɓa shi ba yana tsaye a cikin ruwa. A haɗa shi da wayar ƙasa, wato wadda ke kai yoyon lantarki cikin ƙasa, a kan layin da ke da na'urar yanke wuta mai aiki da zarar yoyon lantarki ya kai miliamfa 30, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne zai yi haɗin bisa dokar ƙasar da ake ciki. Jawo waya daga soket ɗin wani ɗaki a bi ta ƙarƙashin ƙofa ganganci ne da rai.

Zafin jikinsa ma abin kula ne. Fatar mutum tana fara lalacewa idan ta daɗe a kan abin da ya kai wajen digiri 44, shi ya sa a wasu ƙasashe asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suke amfani da kayan da jikinsu ba ya wuce digiri 43. Maratayin da ke shan ruwa mai digiri 70 yana iya ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Ƙa'idar IEC 60335-2-43, wadda ta shafi maratayai masu lantarki, ta sa kamfanoni suna gargaɗin cewa sanda mafi ƙasa mai zafi ta kasance aƙalla milimita 600 daga daɓe saboda ƙananan yara. Idan aka bi wannan da mai tsayin milimita 1200, samansa zai kai mita 1.8, wanda shi ne iyakar inda yawancin mutane ke iya rataya tawul ba tare da ɗage ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa gidan da ke da yara ya haƙura da dogayen nan masu milimita 1600 ko 1800, komai kyansu. Sandar lantarkin nawa tana da matakan zafi da ake zaɓa, kuma na same shi yana busarwa sarai a matsakaicin mataki, inda hannu ke iya taɓa shi na ɗan lokaci ba tare da firgita ba.

Idan akwai abin da zan ce kada a saya sai da shi, to agogon kunnawa da kashewa ne. Wat 300 da aka bari a kunne dare da rana yana iya cin yunit 7.2 a kwana, wato 216 a wata mai kwana 30, alhali sa'o'i uku a rana ba sa wuce yunit 27 a watan. Na'urar daidaita zafi tana rage na farkon saboda tana yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka zaɓa, amma ratar tana nan da girma, kuma busasshen tawul ba ya ƙaruwa da komai idan aka ci gaba da gasa shi. Nawa yana da maɓallin da ke kunna shi na sa'o'i biyu ya kashe kansa, kuma shi nake dannawa bayan wanka. Abin da ya rasa shi ne tsarin da zai kunna kansa kafin a tashi da safe, don haka mai son ya tarar da tawul da ɗumi sai ya sa an haɗa masa agogo na dabam a bango ta wajen banɗaki.

A nan ne kuma ƙorafe-ƙorafena suke. Maɓallan suna can ƙasan ginshiƙi inda sandar ta shiga, sai an sunkuya kafin a gan su, ƙanana ne, kuma alamominsu ba sa karantuwa a hasken da bai cika ba, abin da zai wahalar da tsoho ko mai ciwon baya. Robobin kusa da suka zo a cikin kwali gajeru ne ga kayan da nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗora masa jiƙaƙƙen tawul, kuma wanda ya kafa mini shi ya ajiye su ya yi amfani da masu tsawo. A bangon bulo wannan ya wadatar, amma a bangon allo mai rami a ciki dole a nemi katakon da ke bayansa ko a ƙarfafa wurin tukuna. Takardar bayani ma ba ta gamsar da ni ba, domin hotuna ne ƙanana ba tare da isasshen rubutu ba, kuma ba ta fito da gargaɗi mafi muhimmanci a fili ba, wato kada a kunna sandar alhali ba ta nutse cikin ruwa ba, ko maratayin yana kwance ko a kife, saboda za ta ƙone nan take. Yana kuma yin ɗan ƙas-ƙas a mintocin farko yayin da ƙarfe ke buɗewa da zafi, wanda ba lahani ba ne, amma mai ɗakin kwana a jikin banɗaki zai ji shi. Kada kuma kowa ya ɗauke shi madogara wajen fita daga baho, domin ƙafafun da ke riƙe shi a bango ba a yi su don nauyin mutum ba.

Wanda ya karkata ga mai haɗa ruwan gida da lantarki ya sani cewa aikinsa na mutum biyu ne, mai aikin famfo da mai aikin lantarki, kuma dole a auna tazarar bututun da ke fitowa daga daɓe ko bango ta dace da bakunan maratayin, a kuma zaɓi bawul miƙaƙƙe ko mai kusurwa gwargwadon inda bututun ya fito. Lokacin da za a koma kan lantarki, kamfanoni da yawa suna umartar a rufe bawul ɗaya a bar ɗayan a buɗe, saboda ruwan da ya yi zafi yana ƙara girma kuma yana buƙatar inda zai matsa. Irin wannan da mai ruwan gida zalla sukan tara iska a can sama tun da sun fi sauran kayan ɗumama ɗaki tsayi, kuma alamar ita ce sandunan sama su yi sanyi na ƙasa na da zafi, sai a kwance ƙaramin bawul na sama da makullinsa har iska ta fita ruwa ya biyo. Rufaffen mai lantarki irin nawa ba ya buƙatar wannan, kuma ɗan filin iskar da aka bari a samansa da gangan aka bar shi, ba a cike shi.

Kulawar yau da kullum ba ta wuce goge shi da tsumma mai laushi da ruwan sabulu idan ya huce ba. Soson ƙarfe da sinadarin wanke masai mai bilic suna cin fenti da kurom, har ƙarfen da ba ya tsatsa ma bilic yana yi masa tabo. Kafin a biya kuɗi a karanta garanti da kyau, domin an saba ba jikin ƙarfen shekaru masu yawa, sandar lantarkin kuwa, wadda ita ce ke fara mutuwa, shekara ɗaya ko biyu, kuma babbar lambar ce ake bugawa a gaban kwali. A tambayi mai sayarwa ko zaren bakin da sandar ke shiga irin na rabin inci ne da aka saba, saboda idan haka ne za a iya sauya ta da ta wani kamfani ranar da ta daina aiki, idan kuwa zare ne na musamman, to mai kaya ya dogara ke nan ga kamfani guda da kuma ci gaba da ƙera wannan samfuri.